Firintar 3D: yadda take aiki da abin da masu digirin digirgir ke nema a cikinta

Firintar 3D na'ura ce da ke fitar da kaya masu jiki, wanda za ka ɗauka da hannu, daga zanen da aka yi a kwamfuta. Masassaƙi idan zai yi turmi, gungume yake samu ya yi ta sarewa har turmin ya fito, sauran icen ya tafi a banza. Ita kuwa wannan ɗorawa take yi, shimfiɗa kan shimfiɗa, kamar yadda mai ginin tukunya ke ɗora yumɓu. Kaurin kowace shimfiɗa a ƙananan na'urori bai cika wuce kashi biyu ko uku cikin goma na milimita ba, shi ya sa ƙaramin abu ma kan ci awanni.

Chuck Hull ya nemi rajistar fasaharsa a 1984, inda haske ke daskarar da wani ruwan roba. Scott Crump ya zo da ta narka zaren roba a 1989, kuma da wa'adin rajistarsa ya ƙare a 2009 sai farashi ya karye, ita ce yanzu ake gani a shaguna da makarantu. Amma wadda ta fi shafar maganarmu ita ce ta Carl Deckard, ɗalibi a Jami'ar Texas da ke Austin. A shekarun 1980, lokacin da yake karatun digiri na biyu da na digirgir a hannun malaminsa Joe Beaman, ya gano yadda hasken leza zai bi kan gari ya manne shi wuri ɗaya, a sake baza wani garin a sake bi. Aikin ɗalibi kenan fa, ga shi yau masana'antu na cin abinci da shi.

To me ake bincike a kai yanzu? Mafi yawa a kan kayan da ake zuba wa na'urar ne. Robar da aka fi amfani da ita, PLA, daga sitacin masara ko rake ake yin ta. Tana da sauƙin aiki, sai dai zafi ya kai wajen digiri 60 ta fara laushi, ka bar ta cikin mota a ranar Legas ka ga aiki. A ɓangaren ƙarfe kuma matsalar ita ce ƙananan ramuka da tsagewa da ke ɓuya ciki idan garin ya narke ya huce da sauri. Ɗalibi kan kwashe shekara uku ko huɗu yana canza ƙarfin leza da saurinta, yana karya abin da ya fitar don ya ga inda ya gaza. Ribar tana da yawa: kamfanin GE ya haɗe sassa kusan 20 na bakin feshin mai na injin jirgin sama suka zama guda ɗaya, nauyinsa ya ragu da kashi 25 cikin ɗari.

Wanda ya fi jan hankalina, ni da na tashi a gidan fataken shanu, shi ne na ƙashi. Masu bincike na ƙona ƙashin saniya da wuta mai tsanani har kitse da sauran nama su tafi, a bar farin sinadarin da shi ne ginshiƙin ƙashin ɗan Adam ma. Sai a niƙa, a gauraya da roba mai narkewa a jiki, a fitar da wani abu mai huji-huji da ake fatan sabon ƙashi ya tsiro a cikinsa ga wanda ya yi mummunar karaya. Yawancin wannan aiki har yanzu yana ɗakin gwaji ne, kada wani ya ce maka gobe za a fara layin sayen ƙashi a mayankar Oko-Oba ko Bodija.

Ga mai son shiga harkar, abin da ake fara koya shi ne zane a kwamfuta, na'urar ba ta yin komai sai da shi. Kuma kayan da ƙaramar firinta ta fitar sun fi rauni a tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa, nan suke ɓallewa. Murfi, maɓalli ko marikin waya ba laifi, amma ban da abin da ya shafi birki ko sitiyari.