Ƙugiyoyin Ƙofar Durɓi: Yadda Haruffan Hausa Suka Shiga Kwamfuta

 

Duk wanda hanya ta bi da shi ta Ƙofar Durɓi a birnin Katsina, ya ɗan tsaya ya dubi allunan shaguna da takardun da ake mannawa a bango. Kusan ko'ina "Kofar Durbi" zai gani. Masu ƙoƙari daga cikinmu sukan mayar wa harafin farko ƙugiyarsa su rubuta "Ƙofar Durbi", amma su manta da ta biyun, alhali Bakatsine in ya buɗe baki Durɓi yake cewa. Ƙofar Ƙaura ma haka take fama. Za a iya cewa sakaci ne, kuma akwai shi. Sai dai sakacin yana da asali, domin mun shafe shekaru masu yawa muna rubutu da na'urorin da ba su san haruffanmu ba, har ido ya saba da rashinsu. Tarihin wannan rashi, da yadda aka magance shi, shi ne abin da nake so mu duba yau.

Ƙugiyar ma ba da ita boko ya zo ba. Turawan farko da suka rubuta Hausa da haruffan Rumawa sun ji cewa akwai sautukan da b da d da k ba za su ɗauka ba, kowa sai ya yi tasa dabarar. Wasu suka riƙa ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafin. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. Babban ƙamus na Bargery da ya fito a 1934 da waƙafin sama a gefen harafi ya yi aiki. Sai a ƙarshen shekarun 1930, zamanin da Rupert East yake jagorantar Hukumar Talifi a Zariya, ɓ da ɗ da ƙ suka zauna da gindinsu.

Katsina tana da hannu a wannan zamani. Muhammadu Dikko, wanda sarautar Durɓi yake riƙe da ita kafin ya zama Sarkin Katsina a 1906, a zamaninsa aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922. A wannan kwaleji Abubakar Imam ya yi karatu, kuma yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933. Shi ne kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Janairun 1939. Littattafan makaranta da jaridar da suka riƙa fitowa daga Zariya su suka koya wa idon Bahaushe ƙugiya. A 1966 aka yi taron masana a Bamako ƙarƙashin UNESCO don daidaita rubutun wasu harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. Yau Najeriya da Nijar sun yi tarayya a kan ɓ, ɗ da ƙ. Bambancin da ya fi fitowa fili shi ne 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram suna rubuta ƴ a inda mu muke rubuta 'y.

Amma ku lura da wani abu. A wancan lokaci ƙugiya ƙarfe ce. Maɗaba'ar da ta sa aka zubo mata haruffan ita kaɗai ke iya buga su. Tafiretar ofis kuwa an ƙera ta ne don Turanci, saboda haka akawu zai buga "kasa", in ya zare takardar ya ɗauki biro ya lanƙwasa wa k kai ta koma "ƙasa". In ya gaji ko ya manta, shi ke nan. A shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta yi ƙoƙarin samar da jerin haruffa guda da zai wadatar da harsunan Najeriya, amma kafin abin ya kai ga kowane ofis, kwamfuta ta iso.

Ita kuwa kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin ASCII da aka fitar a Amurka a 1963 gurabe 128 kacal gare shi, sun ishi Turanci da lambobi da alamomin rubutu, babu wurin baƙo. To, yaya Bahaushe zai yi? Dabarar da aka yi a ko'ina cikin duniya ita ce aron gurbi: a ɗauki gurbin wata alama da ba a cika bukata ba, a zana ƙ a wurin, a sa wa zubin haruffan sabon suna. A Kano, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi wa Hausa wannan hidima a shekarun 1990, ya samar da zubin haruffa masu ƙugiya da marubuta da ɗalibai suka daɗe suna mora. Aiki ne da ya cancanci a riƙa tunawa da shi, don ya fitar da mu kunya a lokacin da manyan kamfanoni ba su san da zamanmu ba.

Sai dai aron gurbi, ko wa ya yi shi, yana da iyaka. Ido ne ke ganin ƙ, ita na'urar tana nan a kan cewa alamarta ta asali ce. Ni kaina na ɗanɗana. Gajeren labarina na farko a wani shagon buga takardu kusa da Ƙofar Durɓi aka buga mini shi, ya yi kyau a fuskar kwamfutarsu. Da na kai fayil ɗin wani wuri don a fitar mini a takarda, kwamfutar can ba ta da wannan zubi, sai duk inda ƙugiya take wata baƙuwar alama ta fito. Mai shagon ya ce mafita ɗaya ce, a mayar da su k da d da b. Na yarda don sauri nake yi. A labarin akwai inda Sarki ya aika dattawa biyu su zo fada, a sasanta su kan faɗa da suka yi. Bayan gyaran, kalmomin biyu suka zama ɗaya. Daren nan da biro na kwana, shafi bayan shafi.

Abin mamaki, maganin ya riga ya samu tun kafin wannan wahala tawa. A Oktoban 1991 aka fitar da kundin farko na Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi na duniya lambarsa ta dindindin, kuma haruffanmu suna ciki tun daga farko. Lambar ƙ ita ce U+0199, ta ɗ U+0257, ta ɓ U+0253, ta ƴ kuma U+01B4. Tsarin a buɗe yake, kowa na iya aiki da shi ba tare da ya biya ko sisi ba. Amma ba wa harafi lamba daban, zana shi daban. In zubin haruffan da ke cikin kwamfutarka bai zana ƙ ba, ɗan akwati za ka gani. Times New Roman da Arial da suka zo da Windows XP, waɗanda kusan kowane shago da su yake aiki, ba su da haruffanmu. Sai da Windows Vista ta fito a 2007 aka faɗaɗa su. Daga 1991 zuwa 2007 shekara 16 ke nan muna jiran ranar da kamfani zai ga dama. A yi adalci, daga baya Microsoft ya yi fassarar Hausa ta fuskar Windows, ya kuma saka madannan Hausa. Amma lokacin da ya zaɓa ya yi, kuma ba wanda ke da ikon taɓa kayansa ya gyara kafin nan, don lasisi ya hana.

A nan ne buɗaɗɗiyar manhaja ta shigo labarin. Kowace manhaja tana da rubutun asali da masu ƙirƙira suka rubuta, wanda daga gare shi ake haɗa abin da muke dannawa. Kamfanoni sukan kulle wannan rubutu. A 1983 Richard Stallman ya fara aikin GNU a Amurka bisa ra'ayin cewa mai amfani da manhaja yana da haƙƙin ya yi aiki da ita, ya karanta asalinta, ya gyara, ya kuma raba wa wasu. A 1989 ya fitar da lasisin GPL, wanda ya ƙara sharaɗi guda: in ka gyara ka raba, to ka bar naka gyaran a buɗe kamar yadda ka samu. A 1991, shekarar da ƙ ta samu lambarta, wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya saki Linux. A kanta aka gina Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fara fitarwa a Oktoban 2004, ake kuma sabunta ta duk wata shida, Afrilu da Oktoba. A kanta kuma aka gina Android ta 2008. Wato mafi yawanku da ke karanta wannan a waya, Linux ce a tafin hannunku.

Wannan ra'ayi bai kamata ya zama baƙo ga Bakatsine ba. A ƙarni na 17, zamanin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, ta yaya littafi ke yaɗuwa? Almajiri zai ari na malaminsa ya kwafe da hannu, a rubuta ƙarin bayani a gefen shafi, mai kwafe na gaba ya ɗauka har da ƙarin, sunan mawallafi kuma yana nan ba a goge ba. Ba don haka ba, da littattafai da yawa sun tafi tare da gara da gobara.

Da wannan ra'ayi ya iso fagen haruffa, sai lamarinmu ya sauya. A 2005 ƙungiyar SIL ta fito da lasisin buɗaɗɗen zubin haruffa, OFL, wanda ya halatta wa kowa ya yi aiki da zubi, ya ƙara masa harafin da babu, ya raba. A ƙarƙashinsa ake samun Gentium da Charis da Andika, dukkansu da ƙugiyoyinmu manya da ƙanana, haka ma jerin Noto na Google. Ajami ma ya samu rabonsa: akwai zubin Alkalami, wanda aka zana bisa salon rubutun hannu na ƙasar Kano. Manhajar Keyman ta tsara madannai ita ma yanzu a buɗe take, kyauta. Ma'anar duk wannan ita ce, ko kamfanin da ya yi wani zubi ya rufe gobe, zubin yana nan, kuma wani yaro a Rafindadi ko Sabuwar Unguwa da ya iya aikin yana da izinin ya ci gaba da shi.

Kada wani ya ɗauka labarin ya wuce. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba ba Windows 10, kamar yadda ya yi wa XP ranar 8 ga Afrilu 2014. Windows 11 kuma tana da sharuɗɗan da tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika ba, irin na hannu da akasarinmu muke iya saye. Marubucin da littafinsa ke cikin irin wannan kwamfuta yana da zaɓin da ba a da shi a da: ya sa mata Ubuntu ko Linux Mint, ya yi rubutu da LibreOffice, ya ci gaba da aikinsa. Sai dai ya fara kwashe fayilolinsa ya adana a wani wuri, ya kuma nemi wanda ya san aikin ya taya shi.

Ba zan ɓoye muku rauninta ba. Buɗaɗɗiyar manhaja ba ta da ofishin da za ka kai ƙara. Fassarar Hausa ta manhajoji da dama ta tsaya a rabi, wata kuma in ka karanta sai ka koma Turancin kafin ka gane, domin 'yan sa kai ƙalilan ne suka yi, galibi masana na'ura, ba masana harshe ba. Gurbin da babu kowa a ciki namu ne, mu masu sana'ar kalma. Wikipedia ta Hausa tana bukatar masu gyaran ƙa'idar rubutu. Shirin Common Voice na Mozilla yana tattara jimloli da muryoyin Hausa. Na'urorin fassara da masu karanta rubutu da murya daga abin da muka rubuta suke koyo. In mun cika intanet da "baki" a wurin "baƙi" da "bari" a wurin "ɓari", haka za su koya, haka kuma za su koya wa 'ya'yanmu.

Saboda haka ga abin da nake roƙon kowa a wannan mako. Ka shiga saitin madannan wayarka ka ƙara Hausa, aikin minti biyu ne. In kana da tsohon rubutu da aka buga da zubin aron gurbi, ka buɗe shi tun kwamfutar da ke gane shi tana da rai, ka musanya alamomin da haruffan Unicode. Ka ajiye kwafin kowane littafinka a tsarin da kowace manhaja ke iya buɗewa, irin ODT ko rubutu zalla, ba a wuri ɗaya ba. In za ka kai aiki maɗaba'a, ka haɗa da PDF, ka kuma duba shafukan gwaji da idonka kafin a buga.

Akawun da ya lanƙwasa kan k da biro yana da uzuri, mai shagon da ya goge mini ƙugiyoyi shi ma yana da nasa. Mu da muka samu haruffan a cikin aljihu, kyauta, ban ga namu ba. Wanda duk ya karanta ya zuwa nan, ya gwada rubuta sunan ƙofar nan da ƙugiyoyinta biyu, sannan ya rubuta sunan unguwarsu ko garinsu yadda mutanen wurin suke faɗarsa. In wayar wani ta ƙi, ya faɗi irinta, 'yan uwa za su nuna masa hanya.

Allah ya ƙara mana basira, ya sa alƙalumanmu su amfani na baya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.