Inabin Amurka da Dabarar Auren Itace

Tun kafin zuwan Turawa akwai inabin daji a Amurka. Wanda baƙin suka kawo daga Turai kuwa ya kasa rayuwa a gabashin ƙasar, saboda cututtuka da wani ƙaramin ƙwaro mai cin saiwa, filoksera. A Kalifoniya ne ya kafu, bayan limaman Sifaniyawa sun fara kafa mishan a 1769.

Ƙwaron ya isa Faransa a shekarun 1860, ya halaka gonaki masu yawa. Magani daga Amurka ya fito: saiwar inabin daji tana jure masa, sai aka riƙa aura reshen inabin Turai a kan gindinta. Har yau yawancin gonakin inabi na duniya a kan wannan dabara suke tsaye.

Dokar hana sayar da barasa, daga 1920 zuwa 1933, ta durƙusar da sana'ar giyar inabi, amma ta farfaɗo. Kalifoniya ke samar da fiye da kashi 80 cikin ɗari na giyar inabin ƙasar. Napa da Sonoma sun shahara da Cabernet Sauvignon da Chardonnay, jihar Oregon kuma da Pinot Noir. Ba duk inabin ake matsewa ba: Thompson Seedless na yankin Fresno shanya shi ake yi ya zama zabibi.

Manomin Tasawa ko Mayahi ba sai ya shuka inabi ba zai amfana da wannan. Magaryar gida mai jure fari tana karɓar reshen magaryar Indiya mai manyan 'ya'ya, wadda ake kira tuffar Sahel.