Ginin Ƙasa da Sanyin Ofisoshin Hukuma a Ƙasar Hausa

Duk wanda ya taɓa shiga Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa a Kano da tsakar rana a watan Afrilu, ya san yadda jiki ke samun sa'ida da zarar an ƙetare bakin ƙofa, alhali ba fanka ba na'urar sanyaya ɗaki. Wannan sanyi ba sa'a ba ce, ilimi ne na magina, kuma shi nake son in tunatar da malamanmu na makaranta da dattawa.

Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) gine-ginen mulki a Kano na ƙasa ne. Ana kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta ruɓa, a murza tubali a shanya, sannan a ɗora bango mai kaurin gindi wanda ke sirancewa yayin da yake tashi. Irin wannan bango yakan sha zafin rana a hankali, ta yadda kafin zafin ya ratso ciki rana ta faɗi. Da dare kuma sai ya saki abin da ya sha, shi ya sa soro ke da ɗumi lokacin hunturu. Ana yin tagogi ƙanana a sama, domin iska mai zafi sama take hawa ta fice.

Wurin rufi ne gwaninta ta fi bayyana. Azarar giginya gara ba ta cin ta, amma ba ta ɗaukar nauyin ƙasa a faɗi mai yawa. Saboda haka magina suka fito da bakan gizo da ɗaurin guga, wato a jera azara a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa har ta lanƙwaso ta haɗe a tsakiya. Da haka ake samun babban zaure mai tsawon rufi. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, shi ne abin misali a wannan fanni. Daga waje kuma ana shafe bango da makuba ta ɗorawa, rufi da laso, a sa indararo ya jefa ruwan sama nesa da gindin gini.

Turawa ma da suka ci Kano a 1903, ginin ƙasa suka shiga. A cikinsa Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar Nasarawa a 1909, haka kuma Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ginin ƙasa ce.

Canji ya yi ƙarfi ne a shekarun 1970 da kuɗin man fetur suka shigo. Bulo da siminti da kwano da gilashi suka zama alamar ci gaba. Na shaida wannan da idona a wani ofishi da na yi aiki. An zo gyara, aka sauke rufin ƙasa aka buga kwano, aka yi silin gajere, aka faɗaɗa tagogin yamma. Daga ranar, duk sa'ad da aka ɗauke wuta, sai mu kwashi fayil mu koma gindin darbejiya. Bangon kuma da aka shafe da siminti, danshi ya maƙale a cikinsa ya kasa fita, bayan 'yan damuna ya fara zubewa ta ciki.

Ba cewa nake ginin ƙasa ba shi da aibu ba, yana bukatar yaɓe kafin kowace damuna, in aka yi sakaci ya rushe. Amma makwabtanmu sun nuna hanya. A garin Dandaji na Jamhuriyar Nijar, a 2018 aka kammala gyaran tsohon masallacin ƙasa aka mai da shi ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci da tubalin ƙasa da aka matse da inji.

Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, kunna janareta ya zama nauyi a kan makarantu da ƙananan hukumomi. Shawarata ita ce, kafin a ba da kwangilar gyaran ginin hukuma, a kira Sarkin Magina ya zauna da injiniya. Malamai kuma su riƙa kai ɗalibai waɗannan gidaje da rana tsaka, su taɓa bangon da hannunsu. Allah ya sa mu amfana da abin da magabata suka bar mana, amin.