Daga Ajurumiyya Zuwa Brighter Grammar: Tafiyar Nahawun Turanci a Ƙasar Hausa

Ilimin nahawu ya girmi Turanci a ƙasar Hausa nesa ba kusa ba. Kalmar kanta daga Larabci muka aro ta, kuma tun kafin Turawa su ci Kano a 1903 ɗaliban zaure suna haddace Ajurumiyya, waɗanda suka yi nisa su wuce zuwa Alfiyyar Ibn Malik. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Al-Bahrul Muhiɗ a fannin nahawu da Al-Hisnur Rasin a fannin sarfu. Abin da ya fi jan hankalina a wannan tsari shi ne hanyar koyarwa: malam ya karanta Larabci, ya fassara kalma bayan kalma da Hausa, ya nuna wa ɗalibi inda harsunan biyu suka rabu. Ta ƙofar harshen gida baƙon harshe yake shiga.

Turanci kuwa da awo aka kawo shi Arewa. Lokacin da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka raɗa wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa a 1909, da Hausar boko ake karatu. Ba ƙaunar Hausa kaɗai ta sa haka ba. Gwamnatin Lugga ta ga yadda 'yan bokon Legas, inda makarantar sakandare ta CMS take aiki tun 1859, suke amfani da Turanci suna caccakar ta a jaridu, ba ta kuma so a haifi irinsu a masarautun Arewa. Sai aka tsara cewa yaro ya yi elementare da Hausa, Turanci na sosai ya jira shi a Midil. Midil ɗin Lardin Kano a birni take, saboda haka ɗan talakan da aka haifa a Burumburum, ko Kiru, ko ƙauyukan da ke gefen dajin Falgore, da wuya ya taɓa jin ana rarrabe suna da aikatau cikin Turanci.

Saman wannan tsani shi ne Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, fiye da shekara sittin bayan makarantar Legas. Ɗalibanta 'yan kaɗan ne, an kuma matsa musu ƙwarai a kan lafazi da ginin jimla. A nan Ahmadu Bello ya yi karatu, haka Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Turancinsa ya sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinare, haka Abubakar Imam. Abin lura shi ne inda wannan ƙwarewa ta fara ba da 'ya'ya. Da Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai a 1933, Imam ya rubuta Ruwan Bagaja, Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar, Malam Bello Kagara, malami a kwalejin, ya rubuta Ganɗoki. Mutanen da suka fi kowa riƙe ƙa'idar Turanci a zamaninsu su ne suka aza harsashin ƙagaggen labarin Hausa. A ganina ba dace aka yi ba. Sun iya rubuta harshensu kafin a ɗora musu wani, wasunsu ma, kamar Imam, daga gidan malamai suka fito, sun san nahawun Larabci.

Tsarin ya yi zalunci wajen adadi, domin ya rufe ƙofa ga mafi yawan jama'a, amma jerin matakansa yana da ma'ana. Da aka buɗe ƙofar, jerin ne ya salwanta. An kafa hukumar jarrabawa ta WAEC a 1952, a hankali cin Turanci ya zama sharaɗin shiga jami'a. A 1976 shirin ilimin firamare na bai-ɗaya ya cika azuzuwa da yara, aka horar da malamai cikin gaggawa. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da yaro da harshensa a shekarun farko na firamare, sai dai a makarantar da na yi a yankinmu ban ga alamar hakan ba. Littafinmu Brighter Grammar ne na Eckersley da Macaulay, littafi mai sauƙi da tsari, wanda ba don Bahaushe musamman aka rubuta ba. Mun rera ma'anar suna da ta aikatau kamar waƙa, alhali rabin ajin ba zai iya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa ba, da Turanci ko da Hausa.

Kurakuran da marubucin Hausa yake yi a Turanci ba barkatai suke ba. Kowannensu yana zaune ne daidai inda harsunan suka raba hanya. A Hausa lamirin da ke gaban aikatau shi ke ɗauke da lokaci: ya tafi, zai tafi, yakan tafi. Turanci kuwa aikatau ɗin kansa yake sauya wa kama, "go" ya koma "went". Bugu da ƙari, Bahaushe idan ya ce "jiya da na zo yana barci", kalmar "jiya" ta gama aiki, "yana" ba ta motsi. Shi ya sa ɗalibi yake rubuta "he is sleeping" a tsakiyar labarin da ya wuce, malami ya ja jan layi, ba tare da ya faɗa masa cewa tunaninsa daidai yake a Hausa ba. Haka tambayar korewa: idan aka ce "ba ka ci ba?" amsarmu "e" tana nufin ban ci ba, Bature kuwa "no" zai ce.

Wajen zaɓen kalma ma haka abin yake. "Ji" ɗaya muke da ita ga sauti da ƙamshi da zafi da fahimta, Turanci ya raba su. "Ara" tana aiki ga mai karɓa da mai bayarwa, daga nan "borrow me" ta samo asali. Muna da shawarwari da bayanai a jam'i, sai hannu ya ƙara wa "advice" da "information" harafin jam'in da Turanci bai yarda da shi ba. Ruwan ma yana gudu ta ɗaya ɓangaren, don na sha jin masu sharhi a rediyo suna cewa "a ƙarshen rana" inda kakannina za su ce "daga ƙarshe".

Ko tarihin littattafan ya nuna inda aka karkata. Daga nahawun Hausa na Schön a 1862, zuwa ƙamusun Bargery na 1934, zuwa babban littafin Paul Newman na 2000, Hausa ake bayyana wa mai karanta Turanci. Ayyukan da suka juyo ta wajenmu, irin Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner na 1965, ba su kai waɗancan yawa ba. M.K.M. Galadanci ya fitar da nahawun Hausa a 1976, David Jowitt kuma, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero, ya tattara salon Turancin 'yan Nijeriya a 1991, amma dukansu da Turanci aka rubuta su, ɗalibin jami'a ne mai karanta su. Tun daga firamare har na gama digiri, ba a taɓa miƙa mini littafin da ya bayyana nahawun Turanci da Hausa, jimla kusa da jimla, yadda malamin zaure yake yi wa Ajurumiyya ba. Ƙannena da ke shirin jarrabawar bana a Tudun Wada, tsofaffin takardun tambayoyi suke haddacewa.