Turawan Mishan da Hanyar Birnin Gwari, Daga 1894

Duk ɗan ƙasar nan da zama ya kai shi Kaduna, Kano, Abuja ko Legas ya saba ganin allunan majami'un ECWA a unguwanni. Kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa mafarin wannan ƙungiya yana da alaƙa da dajin da ya kewaye garinmu, da kuma yaƙe-yaƙen da suka ɗaiɗaita kakanninmu a ƙarshen ƙarni na 19. Tarihin gari kuwa ba ya cika sai an haɗa da labarin baƙin da suka ratsa shi, ko da abin da ya kawo su ya saɓa wa addinin mafi yawan mutanensa.

Tun kafin zuwan Turawan mulki, Birnin Gwari zango ne a kan babbar hanyar fatake da ta haɗa Kano da Zariya da ƙasar Nufe. Ta wannan hanya Hugh Clapperton ya bi a 1826 lokacin da ya nufi Kano. Saboda haka duk wanda ya taso daga Bida yana son shiga tsakiyar ƙasar Hausa, da wuya ya kauce wa ƙasar Gwari da Kamuku.

A watan Disamba na 1893 wasu samari uku suka sauka a Legas: Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. Babu wata babbar ƙungiya da ta ɗauki nauyinsu, burinsu dai su kai bishara ƙasar da suke kira Sudan. Zazzaɓi ya kwantar da Bingham, aka bar shi a Legas yana kula da aiko da guzuri. Sauran biyun suka nausa arewa. Kent ya juya don ɗauko kaya, Gowans ya ci gaba, ya faɗo daidai lokacin da Sarkin Sudan na Kontagora, Ibrahim Nagwamatse, yake kai farmaki kan garuruwan Gwarawa yana kama bayi. Gowans ya shiga hannun wannan runduna, ya rasa kayansa, daga baya aka sake shi. Ya kai Zariya a galabaice, ya rasu a Girku a watan Nuwamba na 1894. Kent ma ya rasu a Bida a watan da ya biyo baya. Bingham shi kaɗai ya koma gida, kuma shi ne ya kafa ƙungiyar da aka sani da SIM.

A nan ya kamata mai karatu ya ɗan dakata. Littattafan mishan sun ba da wannan labari a matsayin sadaukarwar samarinsu, kuma lalle sun ba da ransu. Amma a wurinmu, abin da ya fi nauyi a cikinsa shi ne mutanen da babu wanda ya rubuta sunayensu: manoman da aka ƙone musu rumbuna, da mata da yara da aka kora zuwa kasuwannin bayi. An saki Bature ɗaya, su kuwa ba a sake su ba. Malamin nan Charles Robinson, wanda ya isa Kano a ƙarshen 1894 don nazarin Hausa, ya ga ɓarnar cinikin bayi a tafiyarsa, ya bayyana ta a littafin da ya buga a 1896. Farmakin Kontagora bai lafa ba sai da sojojin Lugga suka ci garin a 1901.

To, me ya sa mishan bai kafu a nan ba kamar yadda ya kafu a Kwoi ko Wusasa? Dalili na farko siyasa ce. Bayan cin Sakkwato a 1903, Lugga ya yi alkawarin gwamnati ba za ta tsoma baki a addinin Musulunci ba, kuma Razdan-Razdan da suka biyo baya suka mai da wannan alkawari dokar hana 'yan mishan shiga ƙasashen sarakunan Musulmi sai da izini. Ko ayarin Bishop Tugwell na CMS da Sarkin Kano Alu ya sallama a 1900, a Girku suka yi zango, kuma sai a 1905 Likita Mila ya sami zama a birnin Zariya. Dalili na biyu hanya ce. Jirgin ƙasa da ya isa Kano a 1911 ya bi ta Minna da Kaduna, ya bar tsohuwar hanyar fatake a gefe. SIM ta bi inda sufuri yake da sauƙi: Pategi a 1902, Wushishi a 1904, Paiko a 1909, Karu a 1910, sannan Minna. Gwarawan waɗancan wurare ne suka fara karɓar saƙon, mu kuwa daji ya zame mana katanga.

Ko a inda aka kafa tashoshin, ba wa'azin Bature a kasuwa ba ne ya yi tasiri sosai. Shekaru sukan wuce ba a yi wa mutum goma baftisma ba. Abin da ya yi aiki shi ne almajirantarwa a hankali: ɗakin shan magani, ajin koyon karatu da yamma, da yaron da ya zauna gidan mishan har ya iya karanta Littafi Mai Tsarki, wanda aka kammala fassararsa da Hausa a 1932. Irin wannan yaro shi ke komawa ƙauye ya yi noma da safe, ya koyar da dare. A 1948 aka kafa ƙungiyar masu bishara 'yan ƙasa, wadda daga baya ta zama EMS, sannan a 1954 majami'un SIM suka haɗu suka zama ECWA. Wani abin lura shi ne, da yake da Hausa ake yawancin karatu da waƙoƙi, majami'a ta taimaka wajen yaɗa Hausa a tsakanin ƙananan ƙabilu, kusan kamar yadda kasuwa da makarantar allo suka yi.

Kiristocin da suka zauna a ƙasar Birnin Gwari daga baya, yawancinsu aiki ne ya kawo su: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, 'yan sanda, 'yan kasuwa da manoma masu neman ƙasa mai albarka. Da 'yan bindiga suka mamaye dajin a shekarun da suka biyo bayan 2010, ƙauyukan Musulmi da na Kirista duk sun watse, kuma tare aka yi gudun hijira zuwa cikin gari da Kaduna, kafin sulhun da gwamnatin jiha ta ƙulla a ƙarshen 2024. Dattawa da yawa da suka riƙe labarin kafuwar waɗannan ƙauyuka sun rasu a wannan tsakani. Waɗanda suka rage suna zaune a gidajen 'ya'yansu a birane, wato a hannunmu, kuma rahotannin Lardin Zariya da na Neja suna nan ajiye a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ga duk ɗan ƙungiyar da zai ware kwana biyu ya je ya duba.