Daga Garmaho Zuwa Wayar Hannu: Yadda Aka Ba Yaro Bakin Magana a Ajin Harshe

A shekarar 1901 wani mai aikin fassara a Landan, Jacques Roston, ya fara sayar da darussan harsuna da aka naɗa da murya, ya sa wa kamfaninsa suna Linguaphone. Da farko a kan wasu 'yan gwangwanayen kaki ake naɗar muryar, daga baya aka koma faifan garmaho. Mai koyo zai ɗora faifai, ya kasa kunne ga mai harshen, ya maimaita abin da ya ji. Wannan tsari, inji ya faɗa ɗalibi ya amsa, shi ya riƙe ajin koyon harshe kusan ƙarni guda, ko da yake injinan sun yi ta sauya kama.

Da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam Sputnik a 1957, hankalin Amurka ya tashi, ta ga an tsere mata. A 1958 ta yi dokar da ta zuba kuɗi a koyar da kimiyya da lissafi da harsunan waje. Makarantu suka dinga gina ɗakunan koyon harshe: kowane ɗalibi da ɗan akurkinsa, da abin sauraro a kunne, da rikoda a gabansa. Kaset ya faɗi jimla, yaro ya juya ta zuwa tambaya, ya juya ta zuwa korewa, har a kaɗa ƙararrawa. Kafin ƙarshen shekarun 1970 zumuɗin ya kwanta, domin malamai sun lura yaron da ya ƙware a amsa wa kaset yakan daburce idan mutum ya tsayar da shi ya tambaye shi hanya.

Mu ma a wannan yanki an gwada namu. A 1964 Jamhuriyar Nijar, da taimakon Faransa, ta fara koyar da 'yan firamare ta talabijin, Faransanci kuma shi ne ginshiƙin darussan. Ana shirya su da wasan kwaikwayo da zane-zane, a aji kuma akwai mai kula da yara wanda bai yi doguwar makarantar horon malamai ba. Kwaddibuwa ta bi sahu a 1971, ta dakatar a farkon shekarun 1980. An samu ci gaba a nan, tunda labari ya shigo aji a madadin busassun jimloli. Sai dai labarin na wasu ne, yaro ɗan kallo ne kawai.

Wadda ta fito da matsalar fili wata mai bincike ce a Kanada, Merrill Swain. Tun 1965 aka fara wani tsari a garin Saint-Lambert na lardin Kebek, inda ake koyar da yara masu jin Turanci darussansu da Faransanci. Bayan shekaru ana haka, aka ga suna fahimtar Faransanci sosai, amma idan suka buɗe baki ko suka ɗauki alƙalami sai nahawu ya riƙa zame musu. A 1985 Swain ta kafa hujjar cewa ji kaɗai ba ya isa. Sai an matsa wa mai koyo ya ƙera magana da kansa yake gane inda iliminsa ya tsaya. Duk wanda ya koyar da Turanci a firamare, kamar yadda nake yi, ya san yaran nan: suna gane "zauna" da "buɗe littafi", amma ka ce su faɗi abin da suka ci da safe, sai a sunkuyar da kai.

Maganin bai fito daga ajin harshe ba. Daga dandalin wasa ya fito, a San Faransisko. Wani mai shirya bidiyo, Dana Atchley, yana da wasan da ya kira Next Exit: yakan zauna a gefen wutar da ke ci a allon talabijin, yana ba da labaran rayuwarsa, hotunan iyalinsa da gajerun bidiyo suna fitowa a babban allo a bayansa. Shi da Joe Lambert, mutumin wasan kwaikwayo, da Nina Mullen suka buɗe wata cibiya a 1994 don koya wa mutanen da ba su taɓa shirya fim ba yadda za su yi irin wannan da kwamfuta. A 1998 cibiyar ta koma Berkeley, kuma tun 2015 ake kiranta StoryCenter. A 2001 BBC ta ɗauki dabarar zuwa yankin Wales, tare da mai ɗaukar hoto Daniel Meadows, suna bi gari-gari suna zama da talakawa. Ƙa'idarsu gajera ce: rubutu kamar kalma 250, hotuna goma sha wani abu, tsawon minti biyu, da muryar mai labarin kansa.

Wannan ƙa'ida ce malaman harshe suka gani suka ce ai tamu ce. Minti biyu bai fi ƙarfin yaro ba. Hoto yana riƙe masa zaren labari idan kalma ta ɓace. Kafin a kai ga naɗa kuwa, sai ya rubuta, ya karanta wa 'yan uwansa, an gyara, ya maimaita da baki. Wato rubutu da karatu da magana da sauraro duk sun haɗu a aiki ɗaya.

A ajina na biyar na raba yara rukuni-rukuni, na ce kowane rukuni ya kawo labarin wata sana'a ta gidansu. Wata yarinya da ba a cika jin muryarta ba ta zaɓi ƙuli-ƙulin kakarta. Ta zana hotuna a bayan tsohuwar kalanda: suyar gyaɗa, kai niƙa, matsar mai, murza tunkuza, jefawa a kasko. Muka ɗauki zanen da wayata. Da muka zo naɗar murya, sai ta ji kanta ta furta sunan kasko da Turanci da harafin "f", kamar yadda bakin Bahaushe ya saba, ya koma fanka. 'Yan rukuninta suka kwashe da dariya, ita ma ta rufe fuska da hijabi tana dariya, sannan ta ce, "Malam, don Allah a goge, zan sake." Na sha gyara wannan furuci a allo bai zauna ba. Ranar ya zauna, saboda ba ta yarda a ce kakarta tana suya a fanka ba.

Kayan aikin sun ƙaru, sun kuma yi araha. A 2007 jami'ar MIT ta fito da Scratch, inda yara ke sa 'yan zane motsi da magana. A 2014 wata ƙungiya a Afirka ta Kudu, Saide, ta buɗe African Storybook, a 2015 kuma Pratham Books ta Indiya ta buɗe StoryWeaver. Duka biyun kyauta ne, akwai labaran Hausa a ciki, kuma malami na iya ɗaukar labari mai hotuna ya sa yara su mayar da shi Turanci ko Faransanci ko Larabci, ko su rubuta nasu.

Ina jin ƙorafin 'yan uwana malamai: aji cike maƙil, ba wuta, ba kwamfuta. Gaskiya ne. Amma tarihin nan ya nuna makarantun da suka fi kowa kayan aiki a shekarun 1960 ba su buɗe bakin yara ba. Mafi yawan aikin a takarda da baki ake yinsa, waya tana shigowa ne a ƙarshe, kuma guda ɗaya ta isa idan aka bi rukuni-rukuni, ko babu intanet. Abin kiyayewa shi ne kada a saka fuska ko muryar yaro a Facebook ko WhatsApp ba da izinin iyayensa ba.

Don haka, malam ko malama, kada ki jira gwamnati ta kawo ɗakin kwamfuta, kada ka ce sai an samu majigi. A wannan zangon karatu, a ba kowane rukuni takarda da fensir, a tambaye su abin da ake yi a gidansu, a bar su su faɗe shi da harshen da ake koya musu, da kurakuransu, sannan a kunna musu su ji kansu.