Giwan Ruwan Matan Fada da Dokar da Ta Raine Shi

Abin da duniya ta sani game da bikin kamun kifi na Argungu bai wuce sa'a guda ba: a harba bindiga, dubban masunta su ruga cikin kogin Matan Fada, kowa da gorarsa da komarsa, makaɗa na bin su a cikin kwale-kwale, can sai a fito da giwan ruwan da mutum ɗaya ba ya iya ɗagawa. A bikin 2020 kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78. Sai dai kifi irin wannan ba a sa'a guda yake girma ba. Shekaru yake yi a cikin gurbin da aka hana kowa jefa koma, kuma wannan hanin shi ne asalin al'adar, shi ne kuma abin da ya fi amfanar masunta, ko da yake shi ne ba a ɗauka a hoto.

An saba cewa bikin ya fara a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama. Ziyarar ba ƙarama ba ce. Daular da Kanta ya kafa a ƙarni na 16, mai hedikwata a Surame, ta rasa Birnin Kebbi ga mayaƙan jihadi a 1805, Kabawan da suka ƙi miƙa wuya suka tattara a Argungu, kuma tun daga tawayen Yakubu Nabame a 1849 ba a daina gwabzawa tsakaninsu da Sakkwato da Gwandu ba har zuwan Turawa. To, ga jikan tsofaffin abokan gaba ya zo da zumunci, da me za a tarbe shi? Hawan dawaki ba zai burge Basakkwace ba, yana da nasa. Kabawa suka nuna masa abin da ba shi da shi, wato gwanintar ruwa da kifin kogin da ya ciyar da su duk tsawon shekarun yaƙi.

Amma 1934 shekarar da baƙo ya gani ce, ba shekarar da aka fara ba. Tun kafin nan Kabawa suna da gyaran ruwa da fashin ruwa, suna da Sarkin Ruwa da Homa, shugaban masunta. Hikimar tsarin tana cikin yadda kogin yake rayuwa. Da damina ruwa yakan cika ya malale cikin fadama, kifi ya bi shi ya yi ƙwai a cikin ciyawa, ƙanana su samu abinci da maɓoya. Idan rani ya shigo ruwa ya janye, sai kifin ya taru a gurabu masu zurfi, inda kama shi ba wuya, ƙarar da shi ma ba wuya. A nan ne doka take shigowa: ba mai shiga gurbi sai an fasa ruwa, ba kuma mai fasa shi sai Sarkin Ruwa. Kayan aikin ma suna da iyaka. Mai koma a hannu, yana kwance bisa gora, ba zai share kogi yadda taru ko raga mai ƙananan idanu ke yi ba. Malami na iya ƙyamar tsafe-tsafen da suka raka al'adar a da, kuma Musulunci ya rage yawancinsu, amma ƙa'idar rufe ruwa a lokacin da kifi ya fi rauni ita ce dai masana kiwon kifi na zamani suke rubutawa a takarda.

Akwai masu cewa duk wannan tarihi ne, bikin yau wasan gwamnati ne da masu yawon buɗe ido. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Tun da Janar Yakubu Gowon da Shugaba Diori Hamani na Nijar suka halarta a 1970, bikin ya koma harkar manya, aka ƙara masa tseren motoci da kyaututtukan da suka fi ƙarfin abin da masunci zai samu a shekaru. Inda kyauta ta yi yawa kuwa, maguɗi ba ya nisa: a 2008 an ƙwace kambun wanda ya ci bayan an gano cewa mataccen kifi aka shigo da shi daga wani wuri. Bayan 2009 kuma sai da aka yi shekara goma ba biki, har ma UNESCO ta saka shi cikin al'adun gado na duniya a 2016 alhali ba a yin sa. Duk da haka, ƙorafin ya manta da abu ɗaya. Muddin ana bukatar babban kifi don a nuna wa shugaban ƙasa, to dole a tsare gurbin Matan Fada sauran watannin shekara, kifin da ya hayayyafa a nan kuma ba ya zama a nan, yana bin ruwa zuwa komar masunta a sama da ƙasa. Ga kuma baje kolin amfanin gona da ke tafiya tare da bikin, inda mai shinkafa da mai albasa da mai banda suke haɗuwa da mai saye ba tare da dillali ba. A ƙasar da kifin ƙanƙara na ƙetare ya cika kasuwanni har na garuruwan bakin kogi, 'yan kwanakin da ake tunawa da tarwaɗa da gargaza da giwan ruwa na gida ba abin rainawa ba ne.

Ƙorafin da ya fi nauyi daban ne, kuma biki ba shi da amsarsa. Ikon Sarkin Ruwa bai kai ƙofar madatsa ba. An kammala madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, ta Goronyo a kan kogin Rima ta biyo baya a shekarun 1980, kuma tun daga nan cikar da ke shiga fadama ta ragu, lokacinta ma ya koma hannun injiniya. Kifin da bai samu fadama ba bai samu wurin ƙwai ba, ko an rufe gurbi ko ba a rufe ba. A bikin 2006 sai da aka hana shiga ruwan saboda ƙarancinsa. Noman shinkafar da ya ɗaukaka Jihar Kebbi, tun daga shirin lamunin manoma da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015 har zuwa masana'antar WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, alheri ne ga manomi, amma injinan ban ruwa na rani daga wannan kogin suke sha, maganin feshi kuma cikinsa yake gangarawa. Manomin da masuncin sau da yawa gida ɗaya suke, wani lokaci ma mutum ɗaya ne: da safe yana tayar da inji a gonar shinkafa, da yamma yana ɗinkin komar da zai shiga ruwa da ita ranar fashin ruwa.